Makahon da Ya Gano Muryoyin Ƙararrawa: Labarin Hasumiyar Dom ta Utrecht

Da yammacin ranar 1 ga Agusta, 1674, wata guguwa mai tafe da tsawa ta afka wa birnin Utrecht da ke tsakiyar ƙasar Holan. Ba ta daɗe ba, amma kafin ta lafa ta tumɓuke itatuwa, ta yaye rufin gidaje, ta karya kawunan hasumiyoyin coci-coci da dama. Ɓarnar da ta fi girgiza mutanen gari ita ce wadda ta yi wa babban cocin birnin, wanda suke kira Dom. Dogon zauren tsakiyarsa, wanda ya haɗa hasumiya da sauran ginin, ya rufta gaba ɗaya. Dama an gina wannan zaure ne a lokacin da kuɗi suka yi ƙaranci, ba a yi masa ginshiƙan tallafi daga waje ba kamar yadda aka yi wa ɓangaren da ya riga shi. Ɓaraguzan suka zauna jibge a wurin fiye da shekara 150, sai a 1826 aka kwashe su.

Hasumiyar kuwa ko gezau ba ta yi ba. Tun daga wannan rana take tsaye ita kaɗai, tsakaninta da ragowar cocin akwai fili da mutane ke ratsawa a ƙafa da kekuna. A cikinta, can sama, akwai ƙararrawa 64 da ke rataye, kuma su ne dalilin da ya sa mutumin Utrecht ba ya buƙatar ɗaga kai don ya san hasumiyar tana nan. Kowane minti goma sha biyar sai ya ji ta.

An aza harsashinta a 1321, aka kammala a 1382. Tsawonta mita 112 ne, kuma har yau babu hasumiyar coci a Holan da ta kai ta. Mai son kaiwa can ƙololuwa sai ya taka matakala 465. Ba kowa ne ya yi murna da ginin ba a lokacin da ake yin sa. Wani shahararren mai wa'azi daga garin Deventer, Geert Groote, ya rubuta takarda musamman yana sukar aikin. A ganinsa alfahari ne da almubazzaranci, kuma kuɗin da ake narkarwa a duwatsu hakkin matalauta ne. Ba a saurare shi ba, aka ci gaba da gini. Daga baya ma sai ta zama ma'auni: an daɗe ana bin wata al'ada a birnin, wadda ba a rubuce take ba, cewa kada wani gini ya fi Dom tsawo.

Ƙararrawar da ke cikinta kashi biyu ne, kuma wanda bai bambance su ba zai rikice. Akwai guda 14 manya da ake kaɗawa da igiya, dukan jikinsu ke lilo har harshen ƙarfen da ke ciki ya doki gefe. Nauyinsu a haɗe ya kai tan 32. Sama da su kuma, a sashen hasumiyar mai kusurwa takwas wanda iska ke ratsawa ta kowane gefe, akwai guda 50 da aka ɗaure tamau, ba sa motsi ko kaɗan. Waɗannan su ne kariyon, wato jerin ƙararrawa da aka daidaita muryoyinsu ta yadda mutum ɗaya zai zauna ya fitar da cikakkiyar waƙa daga cikinsu. Masana wannan fanni sun ce sai jerin ya kai ƙararrawa 23 kafin a kira shi kariyon.

A garuruwan Holan da Beljiyam na ƙarnonin baya, ƙararrawa ba ta coci kaɗai ba ce. Ita ke sanar da buɗe ƙofar gari da asuba da rufe ta da dare, ita ke kiran masaƙa wurin aiki, ita ke shelar gobara ko isowar abokan gaba, kuma idan wani babba ya rasu daga amonta ake fara ji. Da aka fara sanya agogo a hasumiyoyi, sai wata matsala ta taso: mutumin da ke tsakiyar ciniki ba ya ankara da bugun farko, sai ya ƙirga ba daidai ba, ƙarfe tara ya zama takwas a kunnensa. Maganin da aka samo shi ne a sa wasu ƙananan ƙararrawa su fara ɗan kiɗa, don kowa ya kasa kunne kafin babbar ta soma. Daga huɗu aka koma takwas, daga takwas aka wuce goma, garuruwa suka shiga gasa. Bayanan garin Oudenaarde da ke Beljiyam ta yau sun nuna cewa a 1510 an riga an haɗa irin waɗannan ƙararrawa da sandunan da mutum zai riƙa dannawa. Abin da aka ƙirƙira don gargaɗi ya rikiɗe ya zama kayan kiɗa.

Manyan ƙararrawar Dom sun girmi kariyon da shekaru kusan 160. A 1505 hukumomin cocin suka ɗauko Geert van Wou daga garin Kampen, maƙerin da babu kamarsa a zamaninsa. Shekara takwas kafin nan shi ne ya zuba Gloriosa, babbar ƙararrawar cocin Erfurt a Jamus, mai nauyin fiye da tan 11, wadda har gobe ake yabon muryarta. A Utrecht ya zuba 13 a jere, kowace muryarta na bin ta 'yar'uwarta daga mai kauri zuwa siririya. Kowace da sunanta: Salvator, Maria, Martinus, Michael, har zuwa ƙananan. Salvator ce uwar gida, nauyinta kusan kilo 8,200, faɗin bakinta santimita 227. Dogon mutum zai kwanta a ƙarƙashinta ya miƙe ƙafa bai taɓa gefe ba.

Yadda ake zuba ƙararrawa bai sauya sosai ba daga zamanin Van Wou zuwa yau. Da farko a gina cikinta da bulo, a shafe da yumɓun da aka cuɗa da kashin doki da gashi don kada ya tsage. A kan wannan sai a gina ƙararrawar bogi, ita ma ta yumɓu, daidai kaurin da ake so ta gaskiyar ta kasance. A shafe ta da kitse ko kakin zuma, a manna haruffa da adon da aka yi da kaki. Sannan a lulluɓe duka da wata riga mai kauri ta yumɓu, a hura wuta a ciki har komai ya bushe kakin ya narke, ya bar hoton rubutun a jikin rigar. Sai a ɗaga rigar, a farfashe ƙararrawar bogin a kwashe, a mayar da rigar mazauninta. Gurbin da ya rage tsakanin ciki da riga, nan narkakkiyar tagulla za ta shiga. A binne komai a rami, a daddaɓe ƙasa, a kwararo ƙarfen da zafinsa ya haura digiri 1,000. Haɗin tagullar kusan kashi huɗu ne na jan ƙarfe da kashi ɗaya na kuza. Aikin watanni ne, amma zubin kansa 'yan mintoci ne, kuma maƙeri ba zai san ko ya dace ba sai bayan kwanaki, idan ƙarfe ya huce an tono an ƙwanƙwasa, kamar yadda mai sayen tukunya a kasuwa ke ɗan buga ta da yatsa ya saurara ko tana da tsaga.

Van Wou ya dogara ne da lissafin kauri da faɗi. Ƙa'idar ita ce, idan aka rage faɗin ƙararrawa zuwa rabi aka bar siffarta yadda take, muryarta za ta ninka tashi sama, nauyinta kuma ya koma kashi ɗaya cikin takwas. Da wannan ilimi da gogewar hannu ya samar da jerin da ya yi daɗin ji. Amma yawancin maƙeran da suka biyo bayansa ba su da irin hannunsa, kuma kariyon na buƙatar daidaito fiye da na ƙararrawar lilo. Shi ya sa kariyon na ƙarni na 16 da yawa daga cikinsu hayaniya ce kawai, mutane na haƙuri da ita don babu wata.

Matsalar a nan take: ƙararrawa ba murya ɗaya gare ta ba. Idan aka buga ta, sassan jikinta daban-daban na rawa a lokaci guda, kowane da saurinsa, kuma abin da kunne ke ɗauka a matsayin sauti ɗaya taron muryoyi ne. Biyar daga cikinsu su ne ginshiƙai. Idan mafi kaurinsu na girgiza sau 100 a daƙiƙa, to a ƙararrawa mai kyau ta biyu ya kamata ta yi 200, ta uku 240, ta huɗu 300, ta biyar 400. Muryar nan ta uku, mai 240, ita ke sa amon ƙararrawar Turai ya zama kamar da ɗan alhini a cikinsa, ko da waƙar murna ake kaɗawa. Idan ɗaya daga cikin biyar ɗin ta kauce, ƙararrawar na faɗa da kanta. A tara talatin irin wannan a buga uku ko huɗu tare, sai dai a toshe kunne.

Mutumin da ya fara warware wannan ƙulli bai taɓa ganin ƙararrawa da idonsa ba. Sunansa Jacob van Eyck, an haife shi makaho wajen shekarar 1590, ɗan gidan masu daraja wanda ya zauna a ƙaramin garin Heusden. A can ya fara kula da ƙararrawar gari, kuma a 1625 birnin Utrecht ya ɗauke shi ya zama makaɗin kariyon na Dom. Abin da ya gano ya gano shi ne da kunne da leɓe. Yakan tsaya kusa da ƙararrawa ba tare da ya taɓa ta ba, ya yi fito, yana hawa yana sauka da muryar fiton a hankali. Duk lokacin da fiton ya yi daidai da ɗaya daga cikin muryoyin da ke ɓoye a jikin ƙarfen, sai ƙararrawar ta amsa da kanta, ta fitar da wannan murya ita kaɗai. Haka ya ware su ɗaya bayan ɗaya. Bai tsaya nan ba, ya fahimci cewa kowace murya tana da wurin zamanta a jikin ƙararrawar, wata kusa da baki, wata a ƙugu, wata can sama wajen kafaɗa, kuma sauya kaurin wurin zai sauya muryar.

Labarinsa ya kai kunnen manyan masana. Isaac Beeckman ya rubuta abin da ya ji daga bakinsa a littafin ajiyar bayanansa a 1633. René Descartes, masanin falsafar nan na Faransa da ke zaune a Holan a lokacin, ya ba abokinsa Marin Mersenne labarin makahon Utrecht a wata wasiƙa a 1638. Abin lura ne cewa waɗannan mutane masu lissafi da alƙalami wajen makaɗin gari suka je neman bayani, shi kuwa ba shi da wani kayan awo sai kunnensa.

Van Eyck gwani ne kuma na sarewa. Da maraice a lokacin bazara yakan zauna a farfajiyar cocin Janskerk, inda mutanen gari ke fitowa shan iska, yana busa musu. A 1649 hukumomin wannan coci suka ƙara masa albashi da sharaɗin ya ci gaba da yin hakan. An buga waƙoƙin da yake busawa a wani kundi mai suna Der Fluyten Lust-hof, mai ɗauke da waƙoƙi kusan 140, kuma har yau masu koyon irin wannan sarewa a faɗin duniya da shi suke karatu. Da yawansu ba su ma san cewa asalin aikin mutumin ƙararrawa ne ba.

Kunne kaɗai ba ya gyara ƙarfe, sai da hannu. Hannun ya zo ne daga yankin Lorraine, inda wasu 'yan'uwa biyu maƙera, François da Pieter Hemony, suka baro gida a lokacin Yaƙin Shekara Talatin. A farkon shekarun 1640 garin Zutphen ya ba su aikin zuba kariyon don hasumiyarsa ta Wijnhuis, ya kuma ɗauko Van Eyck ya zama mai ba da shawara. Dabarar da suka fito da ita mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar aikatawa. Sai su zuba ƙararrawar da ɗan kauri fiye da kima, su kifa ta bakinta na kallon sama a kan wani dandamali mai juyawa, mutane na tura shi, su kuma suna kankare cikinta da kaifin ƙarfe a daidai wurin da muryar da ta kauce take zaune. A kankare kaɗan, a tsaya, a buga, a saurara, a gwada da sandunan ƙarfe da aka riga aka daidaita, a sake. Kankara galibi saukar da murya take yi, kuma abin da aka cire ba ya komawa. Idan aka zarce, sai dai a farfasa a sake narkawa. An kammala kariyon na Zutphen a 1644, kuma shi ake ɗauka a matsayin na farko a tarihi da muryoyinsa suka daidaita. Gobara ta cinye shi a 1920.

Daga nan kasuwa ta buɗe wa 'yan'uwan. Deventer ta saya, Amsterdam ta jawo François ta ba shi maƙera, Antwerp da Ghent suka yi oda. A tsawon rayuwarsu sun zuba kariyon kusan 50.

Hasumiyar Dom ba ta samu nata ba sai a 1664, guda 35, kuma ta biya farashi mai ciwo. Don a haɗa kuɗin aikin, aka sauke ƙananan ƙararrawa bakwai daga cikin goma sha ukun Van Wou aka sayar. Wanda ya san darajar aikin Van Wou ba zai ji daɗin wannan ciniki ba, domin jerin da ya shekara 159 cikakke aka gutsure don a sayi sabon yayi. Sai dai abin da aka samu a madadi ba ƙaramin abu ba ne: 34 daga cikin waɗannan ƙararrawa na Hemony suna nan har yau suna aiki, kuma su ne zuciyar hamsin ɗin da ake ji. Giɓin da aka bari a jerin Van Wou ya ɗauki shekara 318 kafin a cike shi, lokacin da maƙerar Eijsbouts da ke garin Asten ta zuba sababbi bakwai a 1982.

Abin tausayi a labarin shi ne Van Eyck bai ji kariyon da iliminsa ya haifa a kan hasumiyarsa ba. Ya rasu a watan Maris na 1657, shekara bakwai kafin a rataya shi. Shekara 32 ya yi yana hawa wannan matakala da lalube, yana kaɗa tsofaffin ƙararrawar da ya fi kowa sanin aibinsu.

Ilimin ma bai daɗe ba bayansa. François ya rasu a 1667, Pieter a 1680. Maƙera na ɓoye sirrin sana'a, kuma ba a rubuta shi yadda wani zai karanta ya gane ba. Wasu almajirai sun riƙe wani abu daga ciki na ɗan lokaci, amma zuwa ƙarni na 19 an koma zuba ƙararrawa masu faɗa da kansu. Sai a tsakiyar shekarun 1890 wani limamin coci a Ingila, Arthur Simpson, ya yi rubuce-rubuce yana tambayar dalilin da ya sa ƙararrawar ƙasarsa ba su da daɗin ji, kuma maƙerar John Taylor da ke Loughborough ta sake gano hanyar daidaita muryoyi biyar ɗin. Kusan shekara 200 aka yi ana neman abin da makaho ya tarar da fito.

Ɗakin makaɗin kariyon ɗan ƙarami ne, a can sama kusa da ƙararrawar. A gabansa akwai sanduna na katako a jere layi biyu, kowace kaurinta ya kai na muciya ƙarama, a ƙasa kuma akwai wasu na takawa da ƙafa. Daga kowace sanda waya ta tashi ta ratsa rufi, ta bi ta wasu maƙalai har ta kai ga harshen ƙararrawa, wanda aka jawo shi ya tsaya dab da gefe. Babu lantarki a tsakani. Makaɗi na dukan sandunan ne da gefen dunƙulallen hannu, shi ya sa da yawa ke sa ɗan kariyar fata a ƙaramin yatsa. Manyan ƙararrawa, waɗanda harshensu ke da nauyi, da ƙafa ake taka su. Idan ya buga a hankali amon ya fita a hankali, idan ya sa ƙarfi gari ya ɗauka. Kafin ya fara sai ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa ko sassautawa, domin zafi da sanyi na sauya tsawonsu, kuma wayar da ta yi tsauri takan sa harshe ya manne a jikin ƙarfe ya kashe amon.

Akwai wahalhalu biyu da makaɗin piyano bai san su ba. Na farko, ba a iya tsayar da ƙararrawa idan ta fara magana. Babba takan yi ta amo na tsawon daƙiƙoƙi masu yawa bayan an wuce ta, don haka duk waƙar da za a kaɗa sai an sake tsara ta, an rage cunkoso a ɓangaren masu kaurin murya, in ba haka ba komai ya cakuɗe. Na biyu, babu atisaye a ɓoye. Duk kuskuren da aka yi a sama, mai sayar da furanni a bakin magudanar Oudegracht ya ji shi. Shi ya sa ake da wani allon koyo a ƙasa, mai sanduna iri ɗaya amma yana dukan ƙananan faifan ƙarfe maimakon ƙararrawa. Ga kuma wani abin: makaɗin shi ne wanda ya fi kowa rashin jin daɗin kiɗansa. A ɗakinsa ƙarar katako da kacaukacau ɗin wayoyi sun cika kunne, ainihin waƙar sai a ƙasa, a wani lungu mai shiru da ke ɗan nesa da hasumiyar.

Kiɗan da ake ji kowane kwata ba mutum ke yin sa ba. Wata ƙatuwar gangar ƙarfe ce mai dubban ramuka a jere, irin wadda aka fara amfani da ita tun ƙarnonin baya. Ana cusa ƙusoshi a ramukan bisa tsarin waƙa. Idan lokaci ya yi gangar ta juya, kowace ƙusa ta ɗaga wani maƙali, maƙalin ya ja guduma, gudumar ta faɗa a bayan ƙararrawa. Sauya waƙa na nufin makaɗi ya tsuguna ya kwance ƙusoshin ya sake dasa su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ke cin yini ko fiye, kuma sau 'yan kaɗan ake yin sa a shekara. Dole ya zaɓi waƙar da mutum zai ji kullum na tsawon watanni bai gaji ba.

Su kuwa manyan goma sha huɗun, har yau da hannu ake kaɗa su. Wata ƙungiyar 'yan sa-kai, Utrechts Klokkenluiders Gilde, wadda aka kafa a 1979, ita ke da wannan aiki. Mutum ɗaya ba ya iya tayar da Salvator, sai an taru a kan igiyoyi ana ja tare har ta fara lilo, kuma tsayar da ita ma wani aikin ne. Idan za a kaɗa duka a lokaci guda sai an tara fiye da mutum ashirin. Ba kullum ake yin haka ba. Wace za a kaɗa, da su wa za a haɗa ta, ya danganta da ranar: Lahadi ce, biki ne, ko makoki.

Cewa waɗannan ƙararrawa sun kai zamaninmu ba abin da za a ɗauka da sauƙi ba ne, domin tagullar ƙararrawa ita ce tagullar kayan yaƙi. A Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Nazi ta Jamus ta kwashe ƙararrawa kimanin 175,000 a faɗin Turai, aka jibge da yawansu a tashar jiragen ruwa ta Hamburg, wurin da aka riƙa kira maƙabartar ƙararrawa. A Holan an fara saukewa a ƙarshen 1942, aka kwashe kusan 6,700, kuma mafi yawansu ba su dawo ba. Jami'an kula da kayan tarihi na ƙasar sun yi ta roƙo da jayayya har aka yarda a bar wasu ƙalilan mafi tsufa da daraja, aka shafa musu harafin M da fenti. A watan Janairu na 1945 wani jirgin ruwa ɗauke da ƙararrawa fiye da 200 ya nutse kusa da garin Urk a kan hanyarsa ta zuwa Jamus, kuma bayan yaƙi aka tsamo su aka mayar wa garuruwansu. Na Dom suna cikin waɗanda suka tsira.

Asarar ta haifar da wani abu da ba a zata ba. Ɗaruruwan garuruwa da ƙauyuka sun fito daga yaƙi da hasumiyoyi marasa murya, kowa na neman sababbi. Eijsbouts, wadda tun 1872 agogon hasumiya take ƙerawa, ta fara zuba ƙararrawa da kanta a 1947, kuma ita ce daga baya ta zuba ƙatuwar ƙararrawar gasar Olamfik ta Landan a 2012, da wadda ake kira Marie ta cocin Notre-Dame a Faris. Sababbin kariyon na buƙatar makaɗa, don haka a 1953 aka buɗe makarantar koyar da su a Amersfoort, tafiyar 'yan mintoci a jirgin ƙasa daga Utrecht. Kafin ita, mai son koyo sai ya tafi Mechelen a Beljiyam, inda Jef Denyn ya kafa ta farko a 1922. Shi ma kariyon na Dom an yi masa babban gyara a farkon shekarun 1970, a lokacin ne aka kai adadinsa 50.

Wani abu da baƙo ba zai sani ba sai an gaya masa shi ne hasumiyar Dom ba mallakin coci ba ce. Tun 1798 dokar ƙasa ta miƙa hasumiyoyin coci da ƙararrawarsu ga hukumomin gari, don an ɗauke su a matsayin kayan amfanin kowa. Shi ma makaɗin kariyon ma'aikacin birni ne, daga harajin jama'a ake biyansa, kuma masu sauraronsa su ne duk wanda ke cikin gari: Kirista, Musulmi, da wanda ba ya bin kowane addini. Birnin ne kuma ya ɗauki nauyin gyaran da ya sa hasumiyar ta shafe kusan shekara biyar a lulluɓe da ƙarafan magina, har zuwa 2024.

Tun 2011 mai riƙe da kujerar Van Eyck mace ce, Malgosia Fiebig, 'yar asalin ƙasar Polan, wadda ta gaji Arie Abbenes. Ita ce mace ta farko a wannan muƙami a Utrecht. Da hantsin Asabar, lokacin da kasuwa ta cika, takan hau ta yi kiɗan sa'a guda. Tana kaɗa Bach da waƙoƙin Van Eyck, tana kuma kaɗa na zamani. Da mawaƙi David Bowie ya rasu a Janairun 2016 ta kaɗa waƙarsa daga hasumiyar, wani ya ɗauka da waya, bidiyon ya zagaya duniya ta intanet. Haka ta yi a 2018 da makaɗi Avicii ya rasu. Akwai masu ganin irin wannan bai dace da ƙararrawar ƙarni na 17 ba, amma tarihi ba ya bayansu. Abin da Van Eyck ya cika kundinsa da shi waƙoƙin da mutane ke rerawa ne a titi a zamaninsa, na Ingila da Faransa da Italiya, haɗe da na ibada.

Holan na da kariyon kusan 200, kuma barazanar da ke gabansu yanzu ta kasafin kuɗi ce. Idan ƙaramar hukuma ta zo rage kashe kuɗi, albashin makaɗi na cikin abubuwan da ake fara kallo, tunda kwamfuta na iya sa guduma ta buga waƙa a kan lokaci ba tare da ta nemi ko sisi ba. Sai dai gudumar inji ƙarfi ɗaya take bugawa kullum, ba ta san ta sassauta ba, kuma ba ta san wanda ya rasu jiya ba. Aikin ma ba ya ciyar da mutum a hasumiya ɗaya, shi ya sa yawancin makaɗa ke riƙe garuruwa biyu, uku ko fiye, suna bin jirgin ƙasa daga wannan ranar kasuwa zuwa waccan. Ita kanta Fiebig, baya ga Utrecht, ita ce makaɗiyar birnin Nijmegen, inda take hawa hasumiyar cocin Stevenskerk.